Teburin da ƙwallo ke kaucewa da kanta a gasar pool ta talabijin

Akwai abin da yake ba ni haushi a manyan gasannin pool da ake nunawa a talabijin, kuma masu sharhi ba su cika son tsayawa a kansa ba. Ɗan wasa zai tura farar ƙwallo a hankali daga wannan kan teburi zuwa wancan, tana tafiya sambal, sai ta kusa tsayawa kawai ka ga ta karkace gefe. Bugu ya lalace. Kyamara ta hasko fuskarsa yana kallon teburin yana girgiza kai, mai sharhi ya ce ai tsoro ne ya kama shi, hannunsa ya yi rawa. Haba malam, wane hannu? Ƙwallon da ta bar sanda tun ɗazu, ta ci fiye da rabin teburi a miƙe, a ƙarshe ne hannu zai biyo ta ya karkatar da ita? Teburin ne bai zauna daidai ba.

Mu nan da muke kiran wasan sunuka ko da pool ne muke bugawa, mun san teburin bakin titi da ake cusa wa kwali ko tsohon silifas a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, kowa a unguwa ya san ramin da ƙwallo take gangarawa, baƙo ne kawai ake ci da shi. Wannan ba wanda zai yi ƙorafi. Amma gasar da ake ba zakara dala 250,000, kamar ta duniya da aka yi a Jidda a 2024 wadda Fedor Gorst ya ci Eklent Kaçi 15 da 14, to a irin wannan wuri ƙwallo ɗaya da ta kauce ta isa ta canja wanda zai ɗauki kofi. Ban ce teburin Jidda ya karkace ba fa, ina nuna yadda tazarar take da siranta ne a wannan mataki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ƙarƙashin yadin nan ba katako ba ne, allon dutse ne da ake kira silet, kuma a yawancin tebura masu tsawon ƙafa 9 gida uku ake kawo shi a haɗa a wurin. Filin wasan inci 100 ne a tsawo, 50 a faɗi. Ƙa'idar hukumar pool ta duniya, WPA, ta ce kaurin dutsen kada ya gaza inci 1, sannan bambancin tudu da kwari a fuskarsa kada ya wuce inci 0.020 a tsawo da 0.010 a faɗi, wato wajen rabin milimita kenan a dogon ɓangaren. Mai haɗa teburi sai ya fara daidaita ƙafafu, ya ɗora duwatsun, ya riƙa soka 'yan siraran katako a ƙasa yana aunawa da lebur, ba irin na magina ba, wani ne mai tsananin gane karkata, sannan ya like mahaɗar duwatsun da kakin zuma ko wani abin cike gurbi, ya kankare ta yi sumul, kafin a ja yadi a ɗame. Aiki ne na haƙuri, kuma idan aka yi shi cikin gaggawa sai ya nuna.

To matsalar teburin talabijin ita ce shi ne aka fi yi wa gaggawa. A gidan wasa na dindindin teburi yana zaune shekara da shekaru a kan siminti, ya gama lotsawa, ya saba da iskar ɗakin. Shi kuwa na gasa, zaure ake haya, wani sa'in ɗakin taro na otal mai kafet mai kauri, wani sa'in a gina dandamali na wucin gadi saboda wayoyin kyamara su bi ta ƙasa, sai a kawo abu mai nauyin kusan rabin tan a ɗora a kai ana saura kwana kaɗan a fara. An auna da daddare komai daidai, gari na wayewa ƙafa ɗaya ta ƙara nutsewa cikin kafet. Ga manyan fitilu suna dukan yadi da robar gefe tun safe, ga esi yana hurawa, da yamma jama'a su cika zaure numfashi da zufa su ƙara laima a iska, teburin da aka buga a kai da rana ba shi ne na dare ba ko kaɗan. Idan laima ta yi yawa yadi yana nauyi, ƙwallo ta rage gudu, kwanar da take yi bayan ta daki gefe ita ma ta canja.

Sai kuma sabon yadi. Gasa babba kusan kullum da sabo fil ake farawa saboda ya yi kyau a hoto, galibi na kamfanin Simonis na Beljiyam, ƙwallayen kuma Aramith, su ma daga can. Kaya ne masu kyau, ba a nan matsalar take ba. Sabon yadi santsi gare shi, kwana ɗaya biyu na farko ƙwallo zamewa take yi kafin ta kama birgima, juyin da ka sa mata ba ya cizo yadda ka saba, kuma saboda tana daɗewa tana tafiya a hankali kafin ta tsaya, duk 'yar karkatar da ke teburin sai ta samu lokacin yin aikinta. A sunuka na ainihi yadin yana da gashi da ke kwantawa ɓangare ɗaya, don haka ƙwallo mai tafiya a hankali tana iya ɗan kaucewa ko da teburi lafiyarsa lau. Yadin pool na gasa ba shi da wannan gashin. Idan ta kauce, ba wani uzuri.

Maganar da ake yawan kare kai da ita ita ce wai ai teburi ɗaya su biyun suke bugawa, abin da ya samu wannan zai samu wancan. Ni ban yarda da wannan ba. Karkataccen teburi ba ya cutar mai ƙarfin bugu, shi da yake narka wa ƙwallo sanda ta isa rami kafin gangara ta ankara. Wanda yake cuta shi ne mai lallaɓawa, mai ɓoye farar ƙwallo a bayan wata ƙwallo da taku ɗaya, irin wasan da ya sa duniya take sara wa Efren Reyes na Filifin. Kenan teburin ya riga ya zaɓi salon da yake so tun kafin a fara. Sannan ka duba Mosconi Cup, gasar Turai da Amurka da kamfanin shirya gasanni na Matchroom yake shiryawa tun 1994, wasa gajere ne, wanda ya fara cin 5 ya tashi, ga agogon sakan 30 a kanka, yaushe za ka zauna nazarin inda teburi yake gangarawa? Hatta bugun neman wanda zai fara fasa ƙwallaye, da kowa zai tura tasa ta je ta dawo a ga wadda ta fi kusa da gefe, a hankali ake yinsa, shi ma karkata tana iya shiga ciki.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne matse ramuka. A ƙa'idar WPA bakin ramin kusurwa inci 4.5 ne ko ya ɗan ɗara, daidai faɗin ƙwallo biyu tunda kowace inci 2.25 ce. Yanzu a gasannin Matchroom an matse shi zuwa wajen inci 4 don wasa ya yi wuya, kuma gaskiya ina son hakan, ya rage cin banza. Amma idan ka matse rami to ka ɗauki alkawarin teburi zai zauna cif, domin ɗan kaucin da babban rami zai haɗiye, ƙarami tofar da shi zai yi, ƙwallo ta yi ta rawa a baki ta tsaya wa abokin karawa.

'Yan sunuka na ainihi sun ɗan fi mu tsari a nan, a faɗi gaskiya. Teburansu na gasa akwai abin ɗumama dutse a ƙasa don korar laima, ma'aikatan teburi suna nan tsakanin zama da zama suna share yadi suna yi masa guga, a zauren Crucible na birnin Sheffield a Ingila inda ake gasar duniya tun 1977 har canja yadi ake yi ana tsakiyar gasa. Duk da haka su ma 'yan wasansu ba su daina kuka da teburi ba, balle pool inda zagayen farko ake jera tebura da yawa a zaure ɗaya, ma'aikata kaɗan suna bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ni abin da nake so masu shirya gasa su yi ba mai tsada ba ne. A kafa teburin talabijin da wuri ya samu kwanakin zama, a bar 'yan wasa su buga a kansa yadi ya ɗan mutu, sannan kafin kowane zama alƙalin wasa ya gangara ƙwallo a hankali ta tsawo da ta faɗi da ta kusurwa a gaban 'yan wasan biyu da kyamara. Idan ta kauce a kira mai gyara, minti goma ne ko sha biyar, a sa talla kafin ya gama. Kuma ɗan wasan da ya ɗaga hannu a tsakiyar wasa ya ce teburi yana gangara, a zo a gwada a gabansa, a daina yi masa kallon mai neman hujjar faɗuwa.