Laraba: ƙafar Baba da akwatin iska

Yau ma ni na kai Baba wankin ciwo. Bakwai da 'yan mintuna muka fito daga Tudun Wada, hazo ya rufe gari, mai keke ya naɗe fuska sai idanu. Sati na tara ke nan da gyambon nan na ƙasan babban yatsa. Da ɗan faso irin na hunturu ya fara, Baba bai ma ji ba, sai da Umma ta ga jini a takalminsa. Haka ciwon suga yake, in ya kashe jijiyar ji a ƙafa, mutum sai ya taka ƙusa bai sani ba.

Jiya ban yi barcin kirki ba, Yaya ne ya jawo. Daga Abuja ya turo bidiyo a WhatsApp na gida: wani dogon akwati kamar bututu, ana hango mutum kwance a ciki yana kallon talabijin, mai bayani kuma yana ta zuba, wai yana maganin ciwon daji, yana maganin mantuwa, har tsufa yake mayarwa baya. A ƙasa Yaya ya rubuta, "Ku tambayi likita, ko filin Rigacikun ne sai a sayar." Gwaggo ta biyo da amin guda uku.

Sai sha ɗaya layi ya zo kanmu. Sista ta jiƙa bandejin da ruwan gishiri kafin ya yarda ya saki. Baba ya kafe ido a silin yana jan carbi. Likita ta ɗauki ɗan almakashi tana bin gefen ciwon, tana yanke farin mataccen naman kaɗan-kaɗan har ja ya ɓullo. Na kau da kai. Ta ce, "Kalli mana, wannan jinin alheri ne."

Da ta cire safar hannu na miƙa mata wayar. Na ɗauka za ta yi tsaki, sai ta ja kujera. Ta ce akwatin gaskiya ne, mai bayanin ne ya cika gishiri. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. A akwatin zallarta ake ba mutum, a kuma matse iskar ciki ta ninka ta waje sau biyu zuwa uku. Matsin ke sa oksijin ya narke a ruwan jini, kamar yadda ake cusa gas a lemon kwalba, ya isa naman da ke jin yunwarsa. Da shi ake ceton masu nutso a teku in sun taso da gaggawa, da waɗanda suka shaƙi hayaƙin janareta. A nan ta ɗan tsaya. Ta ce gubar hayaƙin nan, kafin rabinta ta bar jini a iskar waje sai awa huɗu zuwa biyar, a akwatin kuwa ƙasa da rabin awa. Da su a nan suna da shi, in ji ta, iyalan da ake kwasowa da asuba bayan sun kwana da janareta a cikin gida za ta fara sakawa.

Gyambon masu suga da ya ƙi warkewa yana cikin abin da aka amince a yi wa. Ciwon daji da mantuwa kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan masu wannan iƙirari. Kuma ba shiga ɗaya ba ce. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kwana biyar a sati, sau 30 ko 40. Kunne yana toshewa kamar a jirgin sama, suga kan faɗi, wasu gani yakan yi musu hazo na wani lokaci. Saboda gobara ba a shiga da waya, sai kayan auduga zalla, ba basilin, ba turare.

"Ba turare?" in ji Baba. Duk bayanin nan, wannan ne ya taɓa shi.

Sai ta juyo gare shi. "Alhaji, ana taka ƙafar nan?" Shiru. Ni na san sau biyar yake zuwa masallaci da silifas, ba mai iya hana shi. Ta buɗe katin, awon sugan safiyar yau ya hau, 14 da ɗigo. "Shayi fa?" Ya ce cokali ɗaya tak. Ban ce komai ba, amma na san girman cokalin. Ta ce ko a ƙasar da ke da akwati ɗari, sai an duba manyan jijiyoyin jini na ƙafa tukuna, don in hanya a toshe take, kaya ba za su isa ba. Ta rubuta hoton jijiyoyi, da takalmin da zai ɗauke nauyi daga yatsan.

Abin ya tsaya min a rai a hanyar dawowa. Mun yarda mu sayar da fili, amma mun kasa ɓoye gwangwanin suga, don kowa yana jin nauyin Baba.

Bayan magariba na ɗan yi bincike. Ashe wajajen 1960 wani likitan tiyata a Amsterdam ta ƙasar Holan, Boerema, ya cire kusan duka jajayen ƙwayoyin jinin aladu, suka rayu a irin wannan ɗaki da oksijin da ya narke a ruwan jini kawai. Na karanta wa Baba. Ya ce, "Au, aladu ne ma suka fara shiga? To Allah ya ba su lafiya."

Na kira Yaya na ce ya bar fili ya huta, ya turo kuɗin hoto da takalmi. Ya ce shi ke nan? Muryarsa kamar na rage masa wani abu. Baba ya yi isha'i a falo, a kan kujera, ƙafa bisa matashi, yana ƙunƙuni. Gwangwanin yana cikin akwatina yanzu. Saura rigimar jibi, don tun yanzu ya fara tambayar wa zai kai shi Juma'a.