Talata a Wuse: rahoton kulasta awa ɗaya yake yi ya ɓace

Abuja, Talata.

Wajen ƙarfe tara na safe wani fod na manhajar biyan kuɗi (pod, wato ƙunshin da manhaja ke gudana a ciki) ya shiga faɗuwa yana tashi. A irin wannan hali, kafin a taɓa komai, sai a tambayi kulastar Kubernetes, wato tarin kwamfutocin da ke gudanar da manhajojin, rahoton abin da ta gani: `kubectl get events -n biya`. `-n` ne ke zaɓar ɓangaren kulasta (namespace), a nan `biya`. In ba a sa shi ba, na ɓangaren da kake ciki kaɗai za ka gani, `-A` kuwa ya haɗo na ko'ina. Rahoton nod, wato kowace kwamfuta da ke cikin kulastar, a ɓangaren `default` yake sauka, shi ya sa ake yawan neman sa inda ba ya nan.

Jerin da ke fitowa a hargitse yake. Galibi ana gyara shi da `--sort-by=.lastTimestamp`, wato a jera bisa gurbin lokacin ƙarshe da abin ya faru, amma wasu rahotannin, irin `FailedScheduling`, sukan zo wannan gurbi nasu wayam, sai su faɗa wurin da ba nasu ba. Shi ya sa na fi yarda da `kubectl events`, wanda ake samu tun sigar 1.26, don shi yana jera su bisa lokaci da kansa. Da `--for pod/sunan-fod` a ware na fod ɗaya, da `--types=Warning` a tsame gargaɗi zalla, `--watch` kuma ya bar ka kana kallo suna shigowa.

Na yau layi uku suka tona shi: `Unhealthy`, sai `Killing`, sai `BackOff`. Manhajar tana buƙatar kusan daƙiƙa 45 kafin ta tashi sosai, amma gwajin lafiyarta yana farawa a daƙiƙa 10, ya maimaita duk bayan 10. Ta faɗi gwajin sau 3, kubelet, mai kula da fod a kan kowane nod, ya kashe kwantenar da manhajar ke ciki tun ba ta gama shiri ba. Jiran sake tayarwa kuma ninkuwa yake, daƙiƙa 10, 20, 40, har ya tsaya a minti 5. Aka ƙara `startupProbe`, wanda ke dakatar da gwajin lafiya har manhaja ta gama tashi, fod ya zauna lafiya kafin azahar.

Bayan la'asar aka nemi sanin dalilin da wani fod ya sake tashi da ƙarfe biyun dare. Babu ko layi ɗaya. Awa 1 kacal kube-apiserver, ƙofar da ake tambayar kulasta ta cikinta, ke riƙe rahoto in ba a canza `--event-ttl` ba, wanda kuma ya yi hayar kulasta a wurin kamfani yawanci ba shi da ikon taɓa wannan. Abin ya dame ni ƙwarai, don shaida ce ta tafi. Sauran abin da ya rage shi ne `kubectl describe pod`, wanda ya nuna `OOMKilled` da lamba 137, wato memori ne ya ƙare wa kwantenar, sai `kubectl logs --previous` ya kawo layukanta na ƙarshe.

Kafin magariba aka sa wani ɗan shiri na kwamfuta yana kwashe sakamakon `kubectl get events -A -o json` zuwa fayil duk minti 30. Gobe in sha Allahu a duba iyakar memorin wancan fod.