Ranar da na yi wa kwamfutata fomatin

Ba rana ɗaya kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta lalace ba. A hankali ta riƙa yin nauyi, har ta kai in na kunna ta sai in tashi in yi wata hidima kafin ta gama buɗewa. Ni kuma da ta cije, sai in danne maɓallin wuta har ta mutu. Na yi mata haka ya fi a ƙirga. Sai daga baya na gane cewa irin wannan kashewar, in ta faɗo daidai lokacin da kwamfuta ke rubutu a faifanta, tana ɓata fayilolin da Windows ke tsaye a kansu. Ranar da shuɗin allon da Windows ke nunawa in ta ci karo da babbar matsala ya fito mini sau uku a wuni ɗaya, na ce to, lokacin fomatin ya yi, wato a share komai a sake ɗora Windows.

Na kwashe takardu, hotuna da duk abin da na sauke daga intanet zuwa faifan ajiya na waje, hankalina kwance, a ganina ban bar komai ba.

Na fara da hanya mai sauƙi, wato mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Windows na ba da zaɓi biyu: a bar maka fayilolinka a cire manhajoji kawai, ko a share komai. Sannan ta tambaye ka ko ta sake gina kanta daga abin da ke cikin kwamfutar, ko ta sauko da sabon kwafi ta intanet, wanda kan ci data sama da gigabayit 4. Don tattalin data na zaɓi na cikin gida. Ta yi nisa, sai ta tsaya ta ce an samu matsala, ba a canza komai ba. Dalilin a fili yake: da tubalin da ya riga ya ruɓe na ce ta sake ginin.

Na sake gwadawa ta wata ƙofar, inda ake danne Shift a sake kunna kwamfuta. A nan gabana ya faɗi. Allo ya nemi in shigar da mabuɗin BitLocker, wato tsarin da Windows ke kulle faifai da shi, ni kuwa ban taɓa sanin faifaina a kulle yake ba. Ashe kwamfutoci da yawa na zamani kan kulle faifan da kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft, su ajiye mabuɗin a cikin asusun. Da waya na shiga na same shi: lambobi 48, rukuni takwas, kowane rukuni lamba shida. Ina karantawa a ƙaramin allon waya ina bugawa da yatsa ɗaya, sau biyu ina kuskure a rukuni na biyar. Da a ce kalmar sirrin asusun a cikin kwamfutar kaɗai take, da can tafiyar ta tsaya.

Wannan karon ma ba ta yi ba, don haka na koma kan filash. A kwamfutar wani abokina na sauke manhajar da Microsoft ke bayarwa kyauta a shafinta don wannan aikin. Filash ɗin kada ya gaza gigabayit 8, kuma duk abin da ke kansa zai tafi. Tunda an daina tallafa wa Windows 10 da nake amfani da ita a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma kwamfutata tana da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da Windows 11 ke buƙata, sai na ɗora Windows 11 gaba ɗaya. Na jona caja, na kunna ina ta danna F12 har jerin wuraren da kwamfuta za ta iya tashi daga cikinsu ya fito, na zaɓi filash. Maɓallin ya danganta da kamfani, wasu F9 ne, wasu Esc. Da ta nemi lambar lasisi na wuce, domin lasisin na manne da na'urar, yana dawowa da kansa in an hau intanet, muddin nau'in da kake da shi ka sake ɗorawa, Home ko Pro.

Wurin da na fi daɗewa shi ne allon da ke jera ɓangarorin faifai. Layuka ne 'yan kaɗan, kowanne da girmansa, ga kalmar sharewa a ƙasa. Kafin in taɓa komai na zare faifan waje na ajiye shi nesa, don a wannan jerin shi ma layi ɗaya ne kamar sauran, kuma ba a tambayarka sau uku. Na share ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan ɓangaren da kamfani ke ɓoye kayan gyaransa. Ba a jima ba wata matsala ta taso: ana tsakiyar saiti aka nemi intanet, kwamfuta kuwa ba ta ganin Wi-Fi ko ɗaya, saboda direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, bai zo cikin filash ba. Igiyar cajin waya ce ta fitar da ni. Na jona wayar, na raba wa kwamfutar data ta igiyar, ta sauko da direbobinta.

Washegari na buɗe burauza na tarar da ita fayau. Shafukan da na yi shekara huɗu ina adanawa don aikina, da kalmomin sirri masu yawa, babu ko ɗaya. Ban taɓa haɗa burauzar da asusu ba, kuma irin waɗannan abubuwa a wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData suke zama, wadda ba ta bayyana sai ka ce a nuna ɓoyayyun fayiloli. Na kwashe abin da idona ke gani, na bar wanda nake amfani da shi kullum. Kalmomin sirri na sake su ɗaya-ɗaya cikin mako guda. Shafukan kuwa har yau ina tuno wasu, in nema in rasa, kuma abin yana yi mini ciwo.

Da na koma asusun don in rubuta mabuɗin BitLocker a takarda, sai na tarar da guda biyu. Sabon ɗori ya zo da sabon mabuɗi, tsohon ya daina aiki. Na duba kwanan watan kowanne, na kwafe sabon da biro, na naɗe takardar tare da filash ɗin na sa a aljihun tebur.