Ƙullin irin Inna

Inna ta rasu da sanyin bana tana da shekara kusan casa'in a lissafinmu, don ba ta taɓa riƙe takardar haihuwa ba. Abin da take cewa kawai shi ne tana goye da babban wanmu aka samu 'yancin kai a 1960. Mu bakwai ta raina bayan rasuwar Baba, ni ne auta, kuma kusan duk abin da muka ci da kuɗin littafinmu daga wani ɗan lambu suka fito a bakin fadamar Rima, wajen Kwalkwalawa.

Ni malamin gona ne. Na karanta aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda hanyarta ke ratsa wannan fadama. Amma abin da ya fi yi mini amfani a bakin aiki, a gindin zogalen Inna na same shi, kuma na daɗe ban gane cewa darasi ba ne.

Lambun ba shi da girma. Fangali kaɗan na albasa, sai tattasai, alayyafo, yakuwa, lalo da kuɓewa, zogale kuma ya zama shinge. Inda Inna ta fi kowa shi ne wajen iri. Ba ta barin albasa ta yi fure haka kawai. Sai ta zaɓi manyan ƙwayoyi masu ƙaramin wuya waɗanda suka jure ajiya, ta sake binne su, ta jira kan ya bushe, ta murje, ta sheƙe, ta gauraya da toka mai sanyi ta zuba a gora ta toshe. Kafin yayyafi takan ƙirga ƙwaya goma ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta ga nawa za su tsiro. Da aka koya mana gwajin tsiro a makaranta da ƙwaya ɗari a kan takarda, hannunta na tuna.

Abin da ke ba ni haushi a lokacin shi ne rabo. Duk shekara sai ta yayyaga tsohon zane ta ƙulla iri ƙulli-ƙulli. Matar da ta zo barka, ƙulli. Wadda ta raka awo asibiti, ƙulli. Gidan da ta je wankan gawa, bayan sadakar uku ta koma da ƙulli. Inna ba ta zama: ita ce ungozoma, ita ce mai sasanta kishiyoyi, kuma da aka zo rigakafin shan inna tana cikin tsofaffin da ke shiga gida-gida suna lallashin iyaye mata ba tare da neman ko sisi ba. Takan ce haka 'Yan Taru na Nana Asma'u ɗiyar Shehu suka bar wa mata, wadda ta sani ta kai wa wadda ba ta sani ba. Ni kuwa da na fara aiki na san farashin mudun irin albasa a kasuwa, sai na ce mata, "Inna, dukiya fa kike rabarwa."

Ta dube ni ta ce, "Auta, iri in yana gida guda, kusu guda ka cinye shi."

Na ɗauka karin maganar tsofaffi ce kawai, har Satumbar 2010 ta zo. Kogin Rima ya yi ambaliyar da ba mu taɓa gani ba, ruwa ya ci gonaki da gidajen ƙasa, ya yanke gadar da ke kai wa jami'a, mutane suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. Ɗakin Inna ya rushe, gorunan irinta suka tafi da ruwa. Ga lokacin renon albasa ya ƙarato, don da ɗaukewar damina ake yayyafi a yi dashe cikin sanyi. Na yi niyyar saya mata iri na gwangwani. Ta ce in dakata.

Ba a yi mako uku ba ƙulli ya fara dawowa. Wata ta aiko daga Kware, wata daga Wamakko, wata jikar ƙawarta da aka kai aure Wurno ta ba direba saƙo. Albasarta ce, kuɓewarta ce, har da wata jar yakuwa da ita kanta ta bari shukawa tun da daɗewa. Irin albasa ba ya jimawa, da ya wuce shekara ƙarfin tsironsa ke raguwa sosai, saboda haka abin da ya dawo mata sabo ne, wanda matan nan suka yi ta shukawa suna cirewa shekara bayan shekara a gidajensu.

Daga nan na sauya yadda nake aiki. Da, in an ba ni ingantaccen iri, babban manomi guda nake nema a ƙauye mu yi gonar gwaji, a kafa allo, a ɗauki hoto. In ya yi tafiya ko ya sayar da amfanin duka, shi ke nan, maganar ta mutu. Yanzu kashi-kashi nake yi wa mutum goma ko fiye, kuma ina roƙon izinin masu gida a kai wa matan da ke shuka a bayan ɗaki, domin su ne ba sa wasa da ajiya. Ina kuma faɗa wa manoma gaskiya a kan irin da aka yi wa aure, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar: yana ba da amfani, amma 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar, dole a sake saye kowace shekara. Ba na hana su shi. Ina dai cewa kada su yar da na gida.

Ranar addu'ar bakwai, wata tsohuwa da ban sani ba ta sa aka kira ni ƙofar zaure. Ta ce Inna ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta huɗu. Ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mini ƙulli, ta ce, "Ɗana, na kuɓewarta ne." Na ce Allah ya saka da alheri, ta ce Allah ya jiƙan Inna. Na gauraya shi da toka na zuba a kwalba, rabi na aika wa yayata da ke Mabera, rabin yana jiran ruwan farko.