Faya-fayan da na ciro daga ƙarƙashin gadon Baba

Ranar da muke tashi daga Tudun Wada zuwa Rigasa na ciro wata tsohuwar jaka cike da faya-fayai: tafsirin azumi, finafinan Hausa da na Indiya, da bidiyon bikin Yaya na 2006. Wasu duk sun karce. Na ce gara in kwashe su a kwamfuta kafin su gama lalacewa.

Kwamfutata ba ta da wurin saka faifai, sai da na je Kasuwar Gumi na sayo wanda ake jonawa ta USB. VCD ba su ba ni wahala ba. Ka buɗe jakar MPEGAV, ka kwafe fayil mai ƙarshen DAT, manhajar kallon bidiyo ta VLC ta kunna shi, shi ke nan. DVD ne mai gardama, don fim ɗin a yayyanke yake cikin jakar VIDEO_TS. Da manhajar HandBrake na riƙa haɗe shi ya zama MP4, faifan giga 4.7 ya dawo wajen giga ɗaya.

Wautar da na yi har yau tana ci mini rai. Faifan bikin Yaya ya yi datti, na ɗauki gefen rigata na riƙa goge shi a kewaye. Ashe daga tsakiya zuwa baki ake shafawa, da ƙyalle mai laushi. Wurin kamun amarya gaba ɗaya ya tafi.

Guda biyu da Kawu ya kawo daga Ingila kuwa suka ƙi sam. A tsarin DVD an raba duniya yanki-yanki: su na yanki na 2 ne, Najeriya kuma tana yanki na 5, ga makullin hana kwafa na CSS a kansu. Manhajar karya shi tana nan kyauta a intanet. Abokina lauya ya ce, “Malam, dakata.” Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta sassauta wa mutum a kan amfanin kansa, amma ta hana karya makullin da mai kaya ya sa, sai a ’yan wuraren da ta togace. Na ga kamar an matsa wa wanda ya saya da kuɗinsa, amma dai na mayar da su jaka.

Sai ga maƙwabci da filas ɗinsa, wai in tura masa finafinan Hausan duka. Na hana. Ya ce ai masu tura fim a waya sun cika kasuwa, wa ya kama su? Ni kuwa ina ganin su ne suka taimaka wajen kashe kasuwar faifai a Kannywood. Tafsirin ma sai da na yi jim, amma na ba shi, don malamin da bakinsa ya ce a yaɗa.

Daren nan Baba ya zauna kallon bikin. Da marigayiya Inna ta gifta da kwanon alkaki a hannu, ya ce in mayar masa baya.