Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tattara shi take yi

Ƙannena masu hawa rufin gidaje a Legas, ku zo ku ji yadda na ɓata mako uku a kan tsohon farantin satalayit.

Wani Alhaji a Agege ya so a jawo masa intanet daga shagonsa na Ikeja zuwa gida, tazarar kamar kilomita biyar, ta iska, a kan mitar rediyo ta gigahaz 5.8. Na ce masa an gama. Na samo faranti mai faɗin santimita 60, na cire kan da ke gabansa, na ɗaura 'yar eriyar da na lanƙwasa da wayar tagulla, na saita fuskarsa cak ga Ikeja. Shiru kake ji.

Abin da ban gane ba, irin wannan faranti ba inda fuskarsa ke kallo yake harbawa ba. Yanki ne na babban kwano, shi ya sa hannunsa ke ƙasa, kuma siginar na tashi da digiri ashirin da wani abu a kan inda kake zato. Ashe jiragen da ke sauka a filin Murtala Muhammed nake wa hidima! Sai da na sunkuyar da shi kamar mai neman allura a ƙasa, sannan sigina ta leƙo.

Ku riƙe misalin tocila. Batir ɗaya ne, madubin ne ke matse hasken ya yi nisa. Haka eriya take. In ka ninka faɗin faranti, ka ƙara dB 6 a ma'aunin ƙarfin sigina, wato ƙarfi ninki huɗu, amma hasken ya tsuke da rabi. Nawa na santimita 60 kusan digiri shida kacal yake buɗewa. Iskar hadari ta ɗan karkata ƙarfen, an koma gidan jiya. Don haka a sa walda mai kyau, a matse noti.

Awon wayar eriyar ma ba a yi masa "ai ya yi daidai". Ka raba 30 da adadin gigahaz, ka sami tsawon zangon sigina a santimita: 12.5 a gigahaz 2.4, biyar da ɗan ɗoriya a gigahaz 5.8. Rubu'in na 5.8, wanda da shi ake awon wayar, milimita 13 ne. Kuskuren milimita biyu a nan ba ƙarami ba ne, ni kuwa da tef ɗin tela na fara awo.

Wautar da ta fi cin raina ita ce ta kebul. Saboda tsoron ɓarayi na ajiye na'urar da ke ba eriyar sigina a ɗaki, na ja mita goma na kebul ɗin eriya samfurin RG-58 da na saya a kasuwar Computer Village. A wannan zango ya lashe fiye da dB 10, wato kashi tara cikin goma sun mutu a hanya. Na ɗebi ruwa da kwando. Ku hau da na'urar sama ku manna ta a bayan faranti, kebul ɗin intanet ya sauko.

Hango wancan gini da ido kuma bai isa ba. Sigina na kumbura a tsakiyar hanya kamar cikin gora. A kilomita biyar takan kai mita takwas ta kowane gefe, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan fili ya zama fayau. Tankin ruwan wani bene ya tilasta mini ƙara tsawon ƙarfe.

Da damina ta sauka Alhaji ya kira: "Injiniya, abin naka ya sake kwanciya." Na hau na kwance mahaɗin kebul, sai ga ruwa da koren tsatsa. Iskar Legas da gishirinta take tafe. Tun ranar nake naɗe kowane mahaɗi da salatif ɗin roba mai haɗewa da kansa, in kuma lanƙwasa kebul ƙasa kafin ya shiga, ruwa ya ɗiga a waje.