Yadda haske ya shiga tsohon gininmu

A makarantar da nake koyarwa nan Maradi akwai wani dogon gini, tun na zamanin da ake yi wa bango kauri. Shekara da shekaru cikinsa duhu ne. Tagoginsa ƙanana, wasu ma an toshe su da bulo saboda ɓarayi da ƙurar hunturu. Rana tsaka sai an kunna fitila, in aka ɗauke wuta kuwa ɗaliban baya ba sa ganin allo.

Da kuɗin gyara suka samu, wasu suka ce a rushe shi a tayar da bene mai gilashi. Ban goyi baya ba, kuma har gobe ina kan bakana. Bangon gilashi da ke kallon yamma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanda ce kawai.

Dattijon maginin da aka ba aikin ya tsaya a tsakar fili ya nuna mana sama da sandarsa. Ya ce, "Malam, ranar safe da ta la'asar su ne mugaye, don a kwance suke shigowa. Ta tsakar rana bisa kai take, ƴar rumfa ta ishe ta." Saboda haka gabas da yamma bai taɓa su ba. Kudu da arewa ya fasa, can sama kusa da rufi, ya sa wa kowace taga baki mai tare rana. Ya ɗaga kwanon ya bar rata don iska mai zafi ta fice, ya shafe ciki da farar ƙasa. Yanzu haske kan bugi silin ya sauko a hankali kan tebura, ba ya kashe ido.

Wajen kuma ya bar shi da launin jar ƙasa irin na sauran gine-ginen harabar, layin tagogin ya yi daidai da nasu. Baƙo ba zai ce wannan ne aka taɓa ba.

Ba mu muka fara ba. A Dandaji ta jihar Tawa, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin da magini Alhaji Falke Barmu ya tsara ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa, aka gama a 2018.

Abin da ya rage mana shi ne ƙura. Tagogin saman suna buƙatar marufin da za a riƙa ja daga ƙasa kafin hunturu ya kama, kuma mun riga mun yi magana da maƙeri.